Wace Uwa Alhaji Ya Ce a Riƙe?

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, ni ba na maimaita magana. Shari'a na kawo muku, kuma babu mai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi inda ya tsaya.

An yi wani falke, Alhaji Ɗanliti, mai fataucin riɗi. Da ƙarfi ya fara ƙarewa, sai ya tattara abin da ya tara ya sayi hannun jari a wani ɗan kamfanin matsar man riɗi da ke bayan gari. Ba irin manyan nan da kuke ji a rediyo ba. 'Yan injina ne, da rumbu, da wani manaja mai yawan murmushi. Tsarinsu shi ne, duk ƙarshen shekara mai hannun jari ya zaɓa: ko a ba shi kason ribarsa a hannu, ko a mayar masa da ita cikin jari rabonsa ya ƙaru.

Da ciwon ajali ya kama Alhaji, ya tara 'ya'yansa, Sallau da Mamuda da ƙanwarsu Barira, ga matarsa Hajiya Tabawa a gefen gado. Abin da ya iya furtawa kawai shi ne, "Ku riƙe uwa." Daga nan ya cika. To kun san mu 'yan kasuwa, kuɗin da ka kafa sana'a da shi uwa muke ce masa, abin da ya haifa kuwa riba. Ga kuma uwa mahaifiya, Hajiya Tabawa, wadda ciwon zuciya ya riga ya kama. Likita ya ce sai an yi mata aiki a ƙasar waje, kafin nan kuma kada maganinta ya yanke. Ko an sayar da hannun jarin nan kaf a lokacin, ba zai kama ƙafar kuɗin aikin ba. Saboda haka suka bar shi dunƙule ba su raba ba, suka yi sharaɗin ba za a taɓa shi ba sai dukkansu sun sa hannu. Ba don zumunci ba fa. Babu wanda ya yarda da wani ne.

Sallau ya ce Hajiya Baba yake nufi, a karɓi riba a sayi magani. Mamuda ya ce uwar kuɗi yake nufi, a mayar da riba jari ya girma har ya isa kuɗin aiki. Suka yi ta cacar baki har maƙwabta suka gaji da su, kana aka sasanta: rabi a karɓa, rabi a mayar. Rabin da ake karɓa ta hannun Sallau yake bi, kuma gaskiya Hajiya ba ta taɓa kwana ba magani ba. Shi ne mai bin layin asibiti, shi ne mai zuwa kyamis. Sai dai ana cikin haka aka ga sabon babur a ƙofar gidansa, alhali kowa ya san ɗinkin da yake yi bai taka kara ya karya ba. Ya ce adashi ya ɗauka. Ba wanda ya taɓa ganin uwar adashin.

Ita Barira kusa da kamfanin take aure, kuma Allah Ya yi ta da zargi, ko sallama ka yi mata sai ta tambayi dalili. Ta lura ƙarar injinan da ke hana ta barcin rana tana raguwa, motocin da ke ɗaukar mai sun yi wuyar gani, amma kason riba na bana ya fi na bara. Ta ce a'a, wannan riba daga ina? Ta yi ta bin diddigi har ta gano ashe manajan nan injina yake kwancewa yana sayarwa, ya raba wa masu jari kaɗan da sunan riba don su yi shiru, ya soke sauran a aljihu. Wato uwarsu ake yanka musu suna ci suna godiya. Ranar taron masu hannun jari ta miƙe cikin maza ta fasa ƙwai, aka kori manaja. Ba don ita ba, da wata rana an wayi gari babu abin da ya saura sai rufin kwano. Amma fa daga ranar aka daina raba riba, darajar jari ta faɗi warwas, kuɗin maganin Hajiya ya tsaya cak. Kuma sabon manajan da aka naɗa, wa ya ba kwangilar kawo riɗi? Mijin Barira. Ta ce dace ne aka yi.

A cikin wannan ƙunci wani dillali ya zo da tayin sayen jarin a wulaƙance. Sallau ya sa hannu, Barira ta sa, Mamuda ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe shi ba zai sa ba. Sallau ya kama wuyan rigarsa ya ce, "Kai, takarda za ka bizne ko uwarka?" Mamuda ya ce, "Yaya, in muka sayar yau, maganin 'yan watanni muka saya mata, sannan likkafani." Dole Sallau ya sayar da babur ɗin nan ya riƙe magani har kamfani ya farfaɗo. Wasu suka ce sadaukarwa ce, wasu suka ce kayan mutane ya mayar. Kamfani kuwa ya farfaɗo, ya samu masu saye daga waje, jarin da Mamuda ya yi ta nacin a mayar ya ninka har ya biya aikin Hajiya. Sai daga baya aka ji cewa lokacin da kowa ke gudu, shi Mamuda yana bin bayan fage yana sayen hannun jarin mutane da arha da sunansa. Da gidansu sun sayar, da farashi ya ƙara rushewa da nasa a ciki. Don wa ya ƙi sa hannu ke nan?

An yi aiki, Hajiya ta tashi. Abin da ya saura a jarin shi ne tumuninta na takaba, kuma likita ya ce da magani za ta ƙarasa rayuwa. Ta tara su ta ce ta gaji da rigima, mutum ɗaya za ta damƙa wa amanar tumunin nan, ya karɓi ribar in ya ga dama, ya mayar in ya ga dama. Ta ce, "Amma wanda na ba, numfashina na ba shi."

Barira ta ce, "Hajiya, ke kina wurin. Wace uwar Baba ya ce a riƙe?"

Tsohuwa ta ce, "Idonsa a kaina yake. Hannunsa kuma yana kan akwatin takardun jarin."

To ga ta nan gare ku, kuma kada wani ya ce mini a haɗa musu su uku, ta ce ɗaya. Ga wanda ya riƙe ranta da riba, ga wadda ta hana a cinye jarin, ga wanda ya hana a sayar har ya girma, kuma babu wanda hannunsa ya fita fes. Da kai ne Hajiya Tabawa, wa za ka miƙa wa akwatin nan ka iya runtsawa?