Gadar da Haladu Bai Haye Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, sunansa Haladu. Ku saurara, 'yan'uwana mata, ke mai goyo gyara zama. Direba ne, amma ba na motar fasinja ba. Motarsa irin doguwar nan ce mai shimfiɗaɗɗen baya, wadda ake ɗora wa kayan da suka fi ta faɗi, tana tafe kamar tana rarrafe, ƙaramar mota mai jar tuta na gabanta tana korar mutane gefe.

Shekara tara da aurensa da Tasalla ba haihuwa. Yana kan hanya, ɗauke da wata ƙatuwar taransifoma ta wutar lantarki zuwa arewa, wani direba ya tsayar da shi ya yi masa albishir: Tasalla ta sauka lafiya, mace aka samu. Ya lissafa. In ya sauke kaya cikin kwana uku, da shi za a raɗa suna.

Sai suka iske ruwa ya cinye babbar hanya. Zaɓi biyu ya rage: a zagaya, tafiyar kwana biyar, ko a yanke ta wani ƙauye, wuni ɗaya. A bakin ƙauyen akwai 'yar gada da mutanen suka gina da aikin gayya. A hayinta asibitinsu yake, da makarantar yara.

Sallau, wakilin kamfani da ke cikin ƙaramar motar, ya ce, "Malam Haladu, Allah ya so ka. Mai gari ma ya ce mu wuce. Taka mu tafi."

Haladu ya kashe mota. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya gangara ƙarƙashin gadar. Ku saurara da kyau. A jikin ginshiƙi ya ga tsaga, ya sa yatsa, yatsa ya shige. Yana tsaye cikin ruwa ya ji takun sawu a bisa kansa. Ya leƙo, sai ga wata mai tsohon ciki, wata tsohuwa na riƙe da hannunta, suna hayewa a hankali.

Ya hau ya ce, "Yallaɓai, ba zan bi nan ba."

"Za ta karye da mu ne?"

"A'a. Yau za ta ɗauke mu, mu wuce lafiya."

"To, mene ne kuma?"

"Za ta ɗauke mu, amma mun gama da ita daga ciki. Ba wanda zai gani. Sai ruwa ya ƙara sauka, ta rufta da wanda bai san hawa ba."

Sallau ya yi dariya. "Yaushe ka zama injiniya? Kai da ake jira da rago a ɗaure. Shekara tara fa, Malam. Haka za ka bari ƙaninka ya tsaya maka a sunan 'yarka ta fari?"

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya dubi hanyar da ta miƙe bayan gadar. Sannan ya ce, "Ni ma tawa ta bi ta kan wata gada ta je ta haihu. Wani ne ya bar mata ita."

Babu wurin juyawa. Da baya da baya ya fitar da wannan uwar mota har bakin kwalta, 'yan ƙauye na kallo suna cewa direban nan matsoraci ne.

Sai da jaririya ta kwana goma ya iso gida. An watse, an mayar da tabarmin aro. Yayar Tasalla ta tare shi a tsakar gida: "Sannu da zuwa, angon ƙarni. Ai mun ɗauka taransifomar ce ta haihu."

Ya shiga ɗaki ya faɗa wa Tasalla abin da ya faru, bai ƙara ba, bai rage ba. Ta saurara har ya gama. Tambaya ɗaya ta yi.

"Ita mai cikin, ta haye?"

"Ta haye."

Ta miƙa masa jaririyar. Ta jawo kwanon soyayyen naman suna da ta ɓoye masa ƙarƙashin gado, ta ɗaga murya yadda na tsakar gida za su ji: "Yaya, a kawo wa Malam ruwa. Uban Rumasa'u ya dawo daga aiki."

Mutanen ƙauyen nan ba su taɓa sanin sunansa ba. Ba wanda ya gode masa. Gada dai ta ci gaba da tsayuwa, mata na hayewa da ciki suna dawowa da goyo.

To, 'yan'uwa, darasin a fili yake. Mutumin kirki ba ya tsayawa a kan "ni zan wuce lafiya?" Yana tambayar abin da zai bar wa na bayansa. Allah yana ganin tsagar da mutane ba sa gani, yana kuma ganin wanda ya ƙi ƙara ta. Ke da kike watsa ruwan wanki a hanyar da yaran maƙwabta ke bi, ki tuna. Ke da mijinki ke kan titi, ki daina kiransa kina cewa ya yi sauri. Ki ce ya iso lafiya, ya bar mutane lafiya. Ni dai, in ɗana ya tashi da hali irin na Haladu, ko bai mallaki komai ba, zan ɗaga kai a cikin mata.