Matar da Ta Auna Wutar Daji da Bayan Hannu

Akwai wata mata a layin ƙarshe na gari, inda gidaje suka ƙare daji ya fara. Burodi take gasawa a gida, don haka kowa Mai Burodi yake ce mata. Ba ta da lalaci, ba ta da ha'inci. Aibinta ɗaya ne. Ta yarda ta fi kowa sanin wuta, kuma ba a gaya mata magana a kanta.

Tanderunta na jan bulo ne, a ƙuryar gida. Ba ta da wani ma'aunin zafi. Idan itace ya cinye, sai ta kwashe garwashin, ta miƙa bayan hannunta bakin tanderu. Hannun ne yake gaya mata ta zuba ko ta jira. Shekara da shekaru bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Mahaifinta yana wajenta. Magini ne a da, shi ya gina mata tanderun. Shanyewar jiki ta kwantar da shi, baki kawai ya rage masa, da shi yake tsokanar mutane. Uwata yake kiranta. Ba ta da kowa sai shi, shi ma haka.

Duk rani wuta tana tashi a dajin nan. Mutanen layin sun saba. Suna share busasshiyar ciyawa daga jikin katanga, suna ajiye jaka a bakin ƙofa. Ita kuwa itacenta a jikin bangon ɗakin Baba take jera shi, har ya kusa taɓa rufi, don nan ne kusa da tanderu. Maƙwabcinta, wani direban motar kaya, ya sha yi mata magana.

"Yaya, itacen nan fa kamar kin yi wa Baba matashin kai da ashana ne."

"Kai ka ji da tayarka, ni in ji da wutata," in ji ta.

A bara an yi shelar kowa ya fita. Ta bi mutane. Aka ɗora Baba a bayan mota, ramukan hanya suka jijjiga shi har ya yi kuka kamar yaro. Wutar kuma ba ta zo ba, a bakin rafi ta juya. Da suka dawo ta tarar kwaɓinta ya yi tsami, ya tumbatsa daga baho ya malale a ƙasa. Ta tsaya a kansa ta rantse ba za a ƙara korarta daga gidanta a banza ba.

Ranar da abin ya faru, da tsakar rana ne. Hayaƙi ya taso daga bayan tsauni, rana ta koma ja. Motar 'yan kwana-kwana ta bi layi da lasifika tana cewa kowa ya tafi filin makaranta. A lokacin Mai Burodi ta gama jera gwangwanayen burodi a tanderu ke nan, ta rufe bakinsa.

Direba ya shigo ko sallama babu. "Yaya, fito da Baba. Na bar masa wuri a gaba, na sa katifa."

"Burodi yana ciki."

"Bar shi! Wannan ba irin ta bara ba ce."

"Haka kuka ce bara."

Baba ya ɗago murya daga ɗaki. "Waye nan? Mai motar da ta fi jaki cizo? Gaya masa ƙashina bai gama haɗuwa ba tun wancan karon."

"Ka ji ko?" in ji ta.

"Baba wasa yake yi. Ke ce mai yanke magana. To ki ba ni shi, ke ki zauna da burodinki."

"Wa zai juya shi a can? Wa zai kai shi bayi? Kai?"

Ta fita tsakar gida, ta ɗaga bayan hannunta sama ta fuskanci tsaunin, kamar yadda take yi a bakin tanderu. Ta jima haka. Sannan ta sauke.

"Ko ɗumi babu. Da sauranta. Kafin ta iso na sauke burodi, na yi wanka ma. Ka kai iyalinka, ka dawo."

Matar Direba tana ta danna masa odar mota daga waje, yara suna kuka. Ya dubi ƙofar Baba, ya dubi Mai Burodi. "Zan dawo," ya ce. Ya tafi.

Layi ya yi tsit. Ta zauna a kan turmi kusa da tanderu. Ƙanshin burodi ya fara fitowa, ta ji hankalinta ya kwanta. Ta sake ɗaga hannu. Har yanzu babu zafi.

Abin da ba ta sani ba shi ne, wutar tanderu a zaune take, zafinta yana riga ta zuwa. Wutar daji ba haka take ba. Iska take hawa, ta aiko da 'ya'yanta gaba.

Iska ta juya. Toka ta fara sauka a kan ɗankwalinta. Sai wani ɓawon itace, ja wur, ya tsallako rufin maƙwabta ya faɗa saman itacenta. Busasshen itace ne, ita ta zaɓo shi da kanta don ba ya gardama. Bai yi gardama ba.

Ta ruga famfo. Ya yi tari, bai kawo ko ɗigo ba. Ta ɗauko ruwan bahon da take wanke hannu ta watsa. Wutar ta yi tsaki ta ci gaba. Ta kira Direba a waya.

"Ka zo! Don Allah ka zo, ta kama!"

"Yaya, sun tare hanya! Ba sa barin kowa ya shiga. Ina roƙonsu, wallahi ina roƙonsu. Ki fito da shi!"

Ta jefar da wayar ta faɗa ɗakin. Hayaƙi ya riga ta shiga ta ƙarƙashin rufi. Baba yana tari, idonsa a buɗe, ba ya iya ko juya kai.

"Uwata, wannan ƙaurin ba na burodi ba ne."

"Yi shiru, Baba. Riƙe wuyana."

"Da wane hannun?"

Ta cicciɓe shi, ya zame. Ta sake, suka faɗi tare. Ba ta taɓa ɗaga shi ita kaɗai ba, kullum Direba ne yake kama ƙafafun. Ta naɗe shi a zanin gado ta ja shi a ƙasa har bakin ƙofa. Kansa ya bugu da dokin ƙofa, bai ce komai ba. Wannan shirun ya fi ba ta tsoro.

Baron da take ɗaukar itace yana jingine kusa da wutar. Ta kama hannayensa. Ƙarfen ya yi zafin da ta ji fatarta ta manne. Ba ta saki ba. Ta jawo shi, ta tura Baba ciki da kafaɗa da gwiwa, ƙafafunsa suna lilo a waje. Ta tsoma buhun fulawa a sauran ruwan randa ta rufa masa a fuska. Wani katako mai ci da wuta ya faɗo daga rufi, ta tare shi da bayan hannu don kada ya sauka a kansa.

Ta fita titi. Ba ta ganin gabanta. Layin da ta sani kamar tafin hannunta ya ɓace mata. Tana turawa tana kiran mutane gida gida, mutanen da ta san sun tafi.

"Jama'a! Babu kowa ne? Ku taimake ni da tsohona!"

Tayar baron ta faɗa kwata, ya karkace. Ta durƙusa ta tallafe shi da ƙirji.

"Uwata, ajiye ni. Ki gudu."

"Wallahi ba zan ajiye ka ba."

"Taurin kan nan dai. A wajena kika gado shi."

"Baba, ka yafe mini. Ni na ce a jira."

Tari ya sarƙe shi.

A kan kwana ta yi karo da Direba da wani ɗan kwana-kwana. Da ƙafa suka ratso. Sai da suka ɓamɓare yatsunta daga jikin baron. A filin makaranta aka shimfiɗe Baba a ƙarƙashin bishiya, ma'aikaciyar jinya ta sa masa abin shaƙar iska. Ya buɗe ido ya nemi 'yarsa. Ta sunkuya ta kai kunne.

"Burodin ya nuna?"

Ita ce maganarsa ta ƙarshe. Hayaƙin ya riga ya cinye masa ƙirji. Kafin la'asar ya cika.

Da aka bar mutane suka koma, Direba ya raka ta, hannayenta a naɗe da bandeji. Gidan ya zama toka. Tanderu kaɗai ke tsaye, don maginin ya iya aikinsa. Direba ya buɗe bakin tanderun. Burodin yana nan a jere, ya tashi, ya yi ja daidai, ko ɗaya bai ƙone ba. Ta dubi burodin, ta zauna a ƙasa.

Hannun ya warke, amma fatar bayansa ta mutu. Ko ta kai shi bakin wuta ba ya gaya mata komai. Ba ta sake gasa burodi ba.

Darasin a fili yake. Don ka ƙware a sana'arka, ba shi ne ka san duk abin da ya yi kama da ita ba. Idan masu lura da bala'i suka ce a tashi, a tashi, ko wuta ce ko ambaliya. In an fita abin bai zo ba, ba a yi asara ba, an yi sa'a ne. Kwaɓi in ya lalace ana sake wani. Wanda kuwa yake kwance yana jiran ka yanke masa shawara, da ransa kake jinkiri.