Kurege da Rumbun Kwamfutar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta shigo mu ji ta.

To ku ajiye wayoyin nan. Ke Ladingo, da ke nake, kife ta a ƙasa.

Wai Kurege ne ya buɗe shagon gyaran kwamfuta a kasuwar namun daji, a gindin wata tsamiya. Kada ku tambaye ni makarantar da ya yi. Ya taɓa zama a rufin shagon wani mai gyara a birni, yana satar masa gyaɗa, yana leƙowa ta ɓula. Abin da ido ya gani shi ne ilimin. Ya dawo daji, ya sami tebur da sukundireba, ya ce daga yau a riƙa ce masa Injiniya. Aka riƙa ce masa.

Kun dai san halin Kurege. Duk abin da ya gani ya yi masa kyau, sai ya binne. Gyaɗa ce, binnewa. Batirin mutane ne, binnewa. Kuma da ya juya baya ya manta inda ya binne.

Rannan sai ga Kura da sabuwar laftof.

Ta ce, "Salamu alaikum, Injiniya."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, Hajiya. Daga nan ma ina jin ki sarai, ba sai kin matso ba."

Ta ajiye kwamfutar a tebur, ta ce, "Sabuwa ce dal, amma fanko ta zo. An ce sai an ɗora mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Za a ɗauki mai gadi a kasuwar awaki, ta intanet ake nema, ni kuma tausayin awakin nan ya dame ni. Zan je in dawo. In na tarar tana aiki, mun rabu lafiya. In ba ta yi ba, ka dai sani ban karya ba tun safe."

Ya ce, "Ai an gama, Hajiya."

Ta tafi.

To ɗora manhaja ba ya bukatar a buɗe cikin kwamfuta. Filashi mai ɗauke da manhajar ake soka mata a gefe, shi ke nan. Amma Kurege ya kwance bayanta, wai zai gaisa da kayan ciki. Yana buɗewa sai ya ga rumbun ajiyarta, irin na zamani da ake kira es-es-di. Ɗan siriri ne, bai fi yankan kilishi ba, bakinsa da haƙora na ruwan zinariya. A cikinsa manhaja ke zama, a cikinsa ake ajiye komai. Kurege ya dube shi, ya kau da kai, ya sake dubansa.

Ya ce, "Wannan ya fi ƙarfin Kura. Me ta sani? Tsohon rumbu zan sa mata."

Ya kwance ɗan sukurun da ke riƙe da shi, ya zare, ya ruga, ya tona, ya binne. Ya dawo ya ɗauko wani tsohon rumbu ƙato mai ƙara kamar injin markaɗe. Ya gwada ta kai, bai shiga ba. Ya gwada ta gindi, bai shiga ba. Ashe sabuwar kwamfutar ba ta da mazaunin irinsa ko kaɗan. Ya juya zai ruga ya tono na gaskiyar, sai ya ji daga bayansa:

"Injiniya, na fasa tafiyar. Gara in zauna in ga aiki."

Ya mayar da murfi da sauri, ya ce, "Madalla, Hajiya. Ai aiki a gaban mai shi ya fi albarka."

Ya soka filashi, ya kunna. Allo ya kawo haske, ya danna nan, ya danna can, har aka iso inda ake zaɓar rumbun da za a sauke manhaja. Wurin fetal, babu komai. Kwamfuta ta ce ba ta ga rumbu ba.

Kura ta ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Gaisuwa take yi. Bari in kashe in sake kunnawa."

Ya kashe, ya kunna. Kwamfuta ta ce ba ta ga rumbu ba. Kura ta matso.

Ya ce, "Filashin ne. Filashin bana duk jabu ne."

Ya zare, ya hura masa iska, ya canza masa rami. Kwamfuta ta ce ba ta ga rumbu ba. Kura ta matso.

Ya ce, "Af! Sai an shiga bayos. Can ne ƙuryar ɗakinta, inda ake saita komai tun kafin ta farka."

Ya shiga bayos. Duk abin da ya tarar a kunne ya kashe, duk abin da ya tarar a kashe ya kunna, don dai a ga hannunsa yana motsi. Ya fito. Kwamfuta ta ce ba ta ga rumbu ba. Kura ta matso.

Ya ce, "Akwai wata 'yar manhaja da ke gabatar da rumbu ga kwamfuta, don ba su san juna ba. Bari in sa ta."

Ya sa. Wa za a gabatar? Kwamfuta ta ce ba ta ga rumbu ba. Ita kaɗai ke faɗin gaskiya a kasuwar nan, kuma ba mai sauraronta.

Yanzu haɓar Kura tana kan tebur, yawunta yana ɗiga a kan wutsiyar Injiniya. Ta ce, "Kurege, kai da gishiri ka fi daɗi, ko haka nan?"

Ya ce, "Hajiya, kunya ce ta hana ni faɗa miki tun ɗazu. Tsoronki yake ji."

"Wa?"

"Rumbun. Kayan ƙasar waje ne, bai taɓa ganin irinki ba sai a hoto. Ya ji warin... ya ji ƙamshinki, ya zame ya shige ƙasa. Duba da idonki."

Ya buɗe murfi, ya nuna mata gurbin, babu kowa. Kura ta duba. Ta gyara zama, ta lashe baki, ta ce, "Har can labarina ya kai?"

Ya ce, "Can ma aka fi sani."

Ta ce, "To ina ya shige?"

Nan fa. Kurege ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya dubi gabas, ya dubi yamma. Duk ƙasar iri ɗaya ce. Ya nuna wani wuri ya ce, "Nan." Kura ta tona, sai gyaɗa. Ya ce, "Ya ƙara gaba." Ta tona, sai cajar wani. Ya ce, "Ya ƙara gaba." Ta tona, sai batiri.

Kunkuru, wani dattijo da ya taɓa kawo gyara, yana cikin 'yan kallo. Ya miƙo wuya ya ce, "Kai Kurege, wannan ba batirina ba ne da ka ce ya ƙone?"

Kurege ya ce, "Baba Kunkuru, ranar da ka kawo kwamfutarka, wa ya wuce ta gaban shagon nan?"

Kura ta ɗago kai daga rami, ta ce, "Ni ce mana. Kullum ta nan nake bi."

Kurege ya ce, "To ka ji."

Kunkuru ya dubi haƙoran Kura, ya ce, "Haka ne kuwa. Ni ma da batiri ne da na shige." Ya ja kayansa ya tafi.

Kura ta yi ta tono har kasuwa ta koma gonar rogo bayan an cire. Can dai sai ga rumbu, ya yi butu-butu da ƙasa. Kurege ya karɓa yana cewa, "Haba ɗan albarka, ai Hajiya ba ta cin ƙarfe." Ya cusa shi a gurbi, ya kunna, ya harɗe hannu.

Kwamfuta ta ce ba ta ga rumbu ba.

Wannan karon ba wasa ba ne. Rumbu yana ciki, kwamfuta ba ta gani, kuma Kurege bai san dalili ba.

Ya ce, "Hajiya, ya dawo amma ya rufe ido. Je ki bayan surin can ki ɓuya, kada ki yi tari."

Kura ta tafi tana sanɗa. Kurege ya zauna, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya buɗe shago: ya yi gyara. Ya zare rumbun, ya kakkaɓe ƙasar, ya goge haƙoransa tas. Ya mayar a hankali, ya tura har ya zauna daram, ya ɗaure sukuru. Ya koma bayos, ya ga ɓarnar da ya yi da hannunsa, bai ma tuna me ya taɓa ba. Ya sami wurin da ke mayar da komai yadda ya zo daga kamfani, ya danna. Ya kunna, ya rufe ido, ya buɗe.

Ga rumbu a allo, da sunansa da girmansa. Manhaja ta fara sauka.

Da mai hankali ne, sai ya miƙa kaya ya gode wa Allah. Amma Kurege numfashinsa yana dawowa, kwaɗayinsa ya riga shi. Ya ce a ransa, ɗazu rumbu nake so, yanzu ga kwamfutar sukutum.

Ya ɗaga murya, "Hajiya, ya fito! Amma tsaya daga nan! In kika matso zai sake gudu. Sai dai kwamfutar ta zauna a wurina, in riƙa yi miki aiki da ita."

Kura ta ce, "Kayana ba ya zama a kasuwa."

"Ai a gidanki ko wuni ba zai yi ba."

Kura ta yi tunani, abin da ba ta saba ba, ta ce, "To ga shawara. Kai da ita ku shiga gidana ku zauna, ni in kwanta a ƙofa, har ya saba da ni."

Ya ce, "Hajiya, ɗawainiyar ta yi yawa."

Ta ce, "Wuce gaba."

Ya ɗauki kwamfuta, ya wuce gaba, tana bin sa daga nesa don kada ta firgita rumbu. Ya shiga kogon Kura. Ƙasusuwa ko'ina. A wani lungu ya ga wutsiya irin tasa sak, ba mai ita. Ya waiwaya, Kura ta toshe ƙofa da jikinta.

Ta yi raɗa, "Injiniya, ya fara sabawa?"

Ya ce, "Saura kaɗan, Hajiya. Ki daina magana."

Ya koma ƙurya, ya fara tono. Tono kam ba a rufin kowa ya koya ba. Ya huda rami har waje ta bayan dutse. Ya dawo ya ja kwamfuta, ta ƙi shiga ramin. Ya ja ta a kaikaice, ta ƙi. Ya ce to ko rumbun ne, ya lalubi sukundireba, ashe yana can kan tebur a kasuwa. Ya tsaya ya yi wa kwamfutar kallon ƙarshe, ya bi rami da wutsiyarsa kawai. Ya bar shago, ya bar dajin, ya bar sunan Injiniya.

Kura kuwa har yau tana ƙofar gidanta. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, ba ta shiga. Wanda ya zo wucewa sai ta ce, "Rage murya, akwai baƙon ƙasar waje a ciki, tsorona yake ji." Wani lokaci ta kira, "Injiniya?" In ta ji shiru sai ta gyaɗa kai ta ce, "Yana aiki."

Ƙurunƙus, kan gafiya mai furfura. Ku kuma in kwamfutarku ta ce ba ta ga rumbu ba, kada ku zage ta. Ku duba zamansa, ku duba bayos, sannan ku duba farcen mai gyara ko da ƙasa a ciki. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je ƙofar Kura ya yi sallama da ƙarfi.