Limamin Gawar Gwaggo Kuluwa

Ku matso, yau labarin ba na dariya ba ne.

A wata jiha an yi wata tsohuwa, Gwaggo Kuluwa, mai ɗa guda tilo, Sallau. Aka yi faɗan iyakar gona, aka tsinci gawa, aka ɗora wa Sallau kisan, alhali ko kaza bai iya yankawa ba. Kotu ta ce rataya. Gwamna ya sa hannu, ya tafi jinya waje, bai bar wa kowa riƙo ba.

Tsohuwa ta sayar da akuyarta ta shiga birni. Duk ƙofar da ta buga, magana ɗaya: tsarin mulki ya ce afuwar laifin jiha sai gwamna, ko shugaban ƙasa ba ruwansa. Gwamnan kuwa yana can bai san inda kansa yake ba. Ta zauna bakin titi ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Mai shari'a Mudi ya ga halin da take ciki, ya ba da umarni a dakatar da ratayar. Manya suka ji haushi, aka tilasta masa ritaya.

Dakatarwa kuwa ba saki ba ce. Sai kakakin majalisar jiha, Alhaji Mati, ya tara 'yan majalisa, ya matsa har suka miƙa wa mataimakin gwamna riƙo kamar yadda doka ta tanada. Mutanen gwamna suka ce Alhaji Mati ya ci amana, suka tsige shi, ko gaisuwarsa aka daina amsawa.

Saura mataimakin, Malam Haladu. Wanda aka kashe ɗin nan ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bi shari'ar daki-daki, ya ga ba hujja, ya sa hannu a afuwa yana hawaye. Mahaifiyarsa ta ce kada ya ƙara taka mata gida.

Sallau ya dawo ya tarar da Gwaggo kwance, wahalar hanya ta gama da ita. Ta shafa fuskarsa ta ce, “Ɗan nan, wanda ya ceto min kai, shi zai yi min salla.” Daga nan ta cika.

An yi wanka, an sa likkafani, an ajiye makara a ƙofar gida. Ga su ukun a sahun gaba, rana na yi, gawa kuma ba ta jira.

To, ku faɗa wa Sallau: wa zai ce ya shige gaba?