Mutumin da Bai Taɓa Yin Ƙarya Ba

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a birnin nan namu na Iskandariyya wanda tun daga ranar da aka yi masa baftisma har ranar da aka sa shi a rami bai taɓa yin ƙarya ba. Ko guda ɗaya. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma tun da ba ya ƙarya, dole mu yarda.

Ba zan faɗi sunansa ba. Danginsa suna nan suna sayar da kifi a bakin tashar jiragen ruwa, ni kuwa ina cin kifi.

Ɗan mai ƙosai ne da gurasa, amma Allah ya ba shi murya da saurin hadda. Ya girma yana ganin malamai suna wucewa da farin mayafi ana buɗe musu hanya, sai ya ƙudurta a ransa cewa shi ma sai an buɗe masa. Ba ilimin yake so ba. Hanyar yake so a buɗe.

A lokacin akwai wata malama a unguwar da ke bayan kasuwar masu gilashi, sunanta Didime. Lissafi take koyarwa, da tafiyar rana da wata. Ubanta bai taɓa shiga majami'a ba, ita kuma ba wanda ya san inda zuciyarta ta tsaya, don ba ta taɓa kiran kowa ta nuna masa ba. Kirista ya zauna a zaurenta, Bayahude ya zauna, mai bautar gumaka ya zauna, duk ta zage su daidai wa daida idan suka yi kuskure. Wurinta mutumin nan ya je karatu.

Ta gane shi tun a makon farko. Gaggawa take kiransa.

"Gaggawa, ina ka samo wannan amsar?"

"Daidai ce ai, Malama."

"Na san daidai ce, a allon na kusa da kai ka gan ta. Hanyar nake tambaya."

Sai a yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙora ba.

Kun san yadda ake fitar da ranar Idin Tashin Almasihu, ko kuma ya kamata ku sani. A jira dare da yini su daidaita, a jira wata ya cika bayan haka, Lahadin da ta biyo ita ce Idi. A baki abu ne mai sauƙi. A allo kuwa yana sa dattawa ciwon kai. Shi ya sa duk shekara babban dikin na lokacin, wato mataimakin bishop, Abba Makrobi, yakan aika a tambayi Didime ta ƙofar baya, sannan a karanta ranar a kan mumbari kamar daga sama ta sauko. Kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba, aka zauna lafiya.

Sai bishop da gwamna suka saɓa. Kada ku tambaye ni dalili. An ce kan rabon hatsi ne, an ce kan wa zai fara zama a taro. Manya ba sa rasa dalili. Abin da ya shafe mu shi ne, gwamnan yakan tsayar da keken dokinsa a ƙofar Didime da rana tsaka, ya shiga ya saurari karatu, don mutane su ce yana son ilimi.

Wata rana ya ce mata ta fito ta shelanta cewa ranar Idin da majami'a ta sanar kuskure ce, bishop ya ji kunya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na fitar da ita."

Bai ji daɗi ba.

Abba Makrobi kuma ya aiko a ce mata ta rufe wa gwamna ƙofa, tun da maƙiyin ikilisiya ne.

Ta ce wa ɗan aiken, "Ka gaishe da Abba. Ka ce masa ƙofar ba ta da sakata, shi ya sa shi ma yake shigowa ta baya."

Shi ma bai ji daɗi ba. To, ga mace guda, ba miji, ba dangi masu ƙarfi, ta ɓata wa manya biyu rai a wata guda, laifinta kuwa ta ƙi zama sandar da ɗaya zai doki ɗaya da ita. Me kuke tsammani zai biyo baya?

Yanzu ku buɗe kunnuwanku, har da ku na baya da kuke gyangyaɗi. Kun san halin harshenmu. Wanda ya zauna yana lissafa tafiyar wata da rana, mai hisabi muke ce masa. Wanda kuma ya karɓi kazar bazawara ya duba mata taurari ya ce za ta yi aure kafin ambaliyar kogi, shi ma mai hisabi muke ce masa. Kalma guda. Na farkon ana shimfiɗa masa darduma. Na biyun dokar Kaisar ta hau kansa, shi da duk wanda ya je neman taimakonsa.

Mutuminmu a lokacin yana neman a naɗa shi mai karatu, wato mai karanta wa jama'a Littafi, a babbar majami'a. Abba Makrobi ya kira shi farfajiya bayan sujadar safe, ya tura masa kwanon ɓaure.

"Ci mana, ɗana. An ce kai ba ka ƙarya."

"Haka ne, Abba."

"Madalla. Malamar nan taku, tana hisabi?"

Ya san wane hisabin ake tambaya. Ya san wanda take yi. Ya taɓa gani da idonsa ta kori matar wani attajiri da ta zo a duba mata ko cikinta namiji ne, ta ce mata ta jira wata tara za ta sani kyauta. Duk wannan yana ransa, ɓauren yana bakinsa. Ya haɗiye.

"Tana yi, Abba."

"Da taurari?"

"Da taurari."

"Idan gwamna ya zo, kan taurarin suke magana?"

"Wani lokaci."

"Allah ya yi maka albarka. Ƙara ɓaure."

Ina ƙarya a nan, ya 'yan uwa? Ku nemo mini ita. Babu. Ya fita daga farfajiyar nan da harshensa tsaf kamar na jariri.

Kafin Lahadi ta zagayo, magana ta cika gari cewa Didime ta ɗaure gwamna da sihirin taurari, shi ya sa ya ƙi bishop, kuma ɗalibinta na hannun dama ya tabbatar. Taro ya tashi daga ƙofar majami'a. Suka fasa zauren, suka ƙona littattafai, suka lanƙwasa zobban tagulla da take awon rana da su. Wani ya jefo fasasshen tulu ya karya mata hannun dama. Mutuminmu ba ya wurin. Yana gida yana gwada sabuwar rigar mai karatu, ta ɗan yi masa tsawo.

Gwamnan fa, mai son ilimi? Ya ga dama ta shiryawa da bishop cikin arha. Da kansa ya yanke hukunci: a kai ta wani ƙauye can sama da kogi wurin ɗan ɗan'uwanta, idan kuma aka sake jin ta yi hisabi, a tura ta zangon hamada inda ba a dawowa. Washegari aka ga manyan biyu suna gaisawa a bainar jama'a, mutane suna hawaye saboda daɗin zaman lafiya.

Aikin fitar da ranar Idi kuwa aka ba mutuminmu, tun da shi ne ɗalibinta. Aka fara buɗe masa hanya. Ya yi aure, ya yi teɓa. Didime ta riga ta tsara ranakun wasu shekaru masu zuwa, shi kuma, kun sani, gwanin hadda ne. Duk shekara sai ya rufe kansa a ɗaki mako guda, ya ce kada a dame shi, ya yi barci, ya fito da amsa.

Sai shekarun suka ƙare.

Shekarar da ta biyo, cikar wata ta faɗo daf da daidaituwar dare da yini. Idan kafin ta ne, Idi ya tafi gaba da wata guda. Idan bayanta ne, Idi yana kusa. Ya ɗauki allo da gaske a karon farko. Ya lissafa, ya sami amsa. Ya sake, ya sami wata. Ya sake, ya sami ta uku, wadda ta kai Idi ranar Talata. Lokacin sanarwa yana matsowa, majami'un ƙasar nan kaf suna jiran bakinsa don su san ranar fara azumi. Ya daina cin abinci. Matarsa ta zaci tsoron Allah ne ya kama shi.

Ya ce zai je duba wata gwaggo. Yana da gwaggo a hanyar kuwa, ya tsaya ya gaishe ta, don kada ya yi ƙarya.

Ya tarar da Didime a tsakar gida tana ɓarar wake da hannun hagu, agwagi suna zagaye ta. Ta tsufa. Hannun daman ya ƙame a ƙirjinta.

"A'a. Gaggawa ne? Ka yi ƙiba."

Ya durƙusa, ya fara doguwar gaisuwa.

"Bar gaisuwar. Watan bana ne ya kawo ka. Tun bara na san za ka zo."

"Malama, ki rufa mini asiri."

"Ka san abin da aka ce za a yi mini."

"Ba wanda zai sani."

"Za a tambaye ka." Ta dube shi. "Kai kuma ba ka ƙarya."

Ta ce ya nuna mata abin da ya samu. Ya zana a ƙasa. Ta duba, ta yi tsaki, ta sake dubawa.

"Talata? Almasihu ya tashi ranar Talata? Kai, jaki ma da ya zauna a zaurena shekarun da ka zauna, da ya fi haka."

Sannan ta kore agwagin da ƙafa, ta share ƙasa, ta fara jera wake layi-layi.

"Ba don kai ba. Masu dako da masu wanki za su yi azumin nan da yunwar gaske, ba za a ƙara musu wata guda saboda jakancinka ba. Kuma kuskuren yana yi mini ƙaiƙayi. Matso ka ga hanyar, ko sau ɗaya a rayuwarka."

Bai ga hanyar ba. Layin ƙarshe ya duba, ya haddace, ya kama jirgin yamma.

Aka karanta ranar a kan mumbari. Amma masu jirgi suna da baki, Abba Makrobi kuma yana da ɗan 'yar'uwa wanda ya gama karatu yana zaman banza. Ya sake kiran mutuminmu farfajiya. Wannan karon babu ɓaure.

"An gan ka a ƙauyen matar nan. Faɗa mini gaskiya, ɗana, gaskiya ce za ta cece ka. Ta yi hisabi a gabanka?"

Ba wanda ya ce ya yi ƙarya, ya 'yan uwa. Akwai shiru. Akwai "Abba, ni na je na roƙe ta, ku hukunta ni." Akwai ma abin da ya kamata ya faɗa tun shekarun baya, cewa hisabin nata irin wanda majami'a take ci da shi ne. Duk waɗannan gaskiya ne. Ya zaɓi gajeriyar.

"Ta yi, Abba."

"To. Kai kuma ka je nema."

Sai a lokacin ya tuna rabin dokar na biyu. Aka tuɓe masa rigar a gaban jama'a. Aka hana shi jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki. Gidan da yake ciki na ikilisiya ne, aka karɓe. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidan ubanta. Waɗanda suke buɗe masa hanya suka ci gaba da buɗewa, amma yanzu don kada rigarsu ta taɓa shi. Ya ƙare a ƙofar majami'a cikin masu tuba, yana kama gefen rigar masu shiga yana cewa, "Ku faɗa mini ƙarya ɗaya da na yi. Ɗaya tak." Ba wanda ya iya faɗa. A nan ya mutu, bai tuba ba, don har ƙarshe bai gano laifin da zai tuba a kai ba.

Na gaji da faɗa muku wannan. Kuna zuwa wurina kuna cewa, "Ni dai abin da na gani na faɗa." Wa ya tambaye ka? Me ka san zai fahimta? Me ka bari a cikinka da gangan? Shaidar zur ba sai da kalmar ƙarya ba. Wanda ya san ma'anar da mai tambaya zai ɗauka, ya san ba ita ce ba, ya bar shi ya ɗauka don wata riga, ya yi ƙarya da dukan jikinsa, harshensa kaɗai ya bari a wanke. Ranar da za a tsaya gaban Mai Shari'a ba harshe kaɗai za a tayar ba. Kun ji, kun gyaɗa kai, kuma kafin Laraba wani a cikinku zai sake yi.

Ranar Idin ba a canza ta ba. An hukunta wadda ta fitar da ita, an hukunta wanda ya ɗauko, amma da aka ba ɗan 'yar'uwar Abba Makrobi, wanda ya gaji aikin, ya duba, ya ce daidai take. Aka yi azumi, aka sha ruwa, aka yanka raguna, gari ya cika da fitilu da waƙa, bishop da gwamna suka ci abinci a kwano ɗaya.

A safiyar Idin nan ayarin gishiri ya bar bakin kogi ya nufi hamada. A bayan raƙumi na ƙarshe akwai wata tsohuwa a ƙasa, ƙullin kayanta a hannun hagu. Sojan da aka haɗa ta da shi ya ce ba ta yi gardama ba. Ta dai roƙe shi ya gaya wa matar ɗan ɗan'uwanta cewa agwagin ba su ci ba.

Allah ya kiyaye mu da gaskiyar da ake yanka mutum da ita. Ya kiyaye bayinsa daga bakinmu. Amin.