Marubucin da Ya Saka Goggonsa a Labari

Ya 'yan uwa, a nan ƙasar tamu an yi wani mutum, ɗan Kebbe mazaunin Tambuwal, da ya fara rubuta labarai yana sakawa a waya. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake shi bai rufa wa kowa asiri ba.

Rubutu ba laifi ba ne. Matsalarsa irin ta kowane ɗan koyo ce: mutanen labarinsa ba su da rai, tsoho da yaro duk bakinsu ɗaya, mai karatu ya yi shafi biyu ya kama hamma. Sai ya kai kukansa wurin Malama Raliya, wata malamar makaranta da ta daɗe tana rubutu. Ta ce masa, "Tafi kasuwa ka saurari yadda mutane ka magana. Amma ɗauki tafiyar wanga, muryar wancan, ka gina naka mutum. Kar ka ɗauko mutum guda ɗungum."

Rabin farko ya ji. Rabi na biyu aiki ne, shi kuwa malalaci ne mai ƙishin yabo.

A Kebbe yana da goggo, Atu, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsa. Tana ɗingishi da ƙafar hagu. Fura take sayarwa, kuma ita ake kira wankan gawa in mace ta rasu a unguwa. Shekara talatin, ko sabulu ba ta taɓa karɓa ba. Ita ya ɗauka ya saka a labari, suna kawai ya canza. Ɗingishin yana nan, furar tana nan, har tsamiyar ƙofar gidanta. Da ya ga labarin bai yi armashi ba, sai ya ƙara da cewa wai da ruwan wankan gawa tsohuwar take dama fura don ta jawo ciniki.

Wane irin ɗa ne wannan? Matar da ta wanke maka kashi ita ce za ka sayar don baƙi su ce ka iya?

Labari ya karɓu. Wani ya karanta shi da murya, aka riƙa turawa daga waya zuwa waya, har 'yan kabu-kabu suka kai shi Kebbe. Furar Atu ta riƙa kwana a ƙwarya tana tsami. Ranar da maƙwabciyarta ta rasu, ta gaban ƙofarta aka wuce aka ɗauko mai wanka daga wata unguwa.

Atu ta aika ya zo. Ya ce, "Goggo, ƙage na. Ban ambaci sunanki ba."

Ta ce, "Gurguwa nawa ka wankan gawa Kebbe?"

Bai janye ba, masu karatu suna jiran ci gaba. Atu ta daina fita. Hawan jini ya kama ta, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya tafi. Sai a lokacin ya goge labarin, ya zo ya durƙusa yana neman gafara. Ta dube shi. Ko ta yafe ko ba ta yafe ba, babu harshen da za ta faɗa. Kwana uku ta cika, 'ya'yanta suka hana shi taɓa makara.

Yau yana tashar Tambuwal, ba takalmi, yana tare matafiya yana cewa, "Ƙarya niy yi, Goggo ba ta yi ba." Ana ce masa mahaukaci. Ƙaryar an yarda da ita, gaskiyar babu mai saurare.

Ya ku masu koyon rubutu, canza suna ba ya mai da ƙazafi ya zama hikima. In labarinka bai yi daɗi ba, zauna ka sha wahalar gyara shi, ka bar mutuncin bayin Allah. Haƙƙin mutum sai shi ya yafe, kuma ba ka san ranar da bakinsa zai rufe ba.

Allah ya jiƙan Atu. Allah ya kiyaye mu da abin da hannuwanmu suke rubutawa.