Fartanyar da Barmo Ya Ɓoye

Ga ta nan, ga ta nanku, har da mai gyangyaɗin can na bakin tabarma.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Can da, tun ƙarfe bai iso ƙasar nan ba, akwai wani ƙauye da ake noma da fartanyar itace. Ƙirya ake sassaƙawa, a babbaka bakin a wuta don ya yi tauri. Ba ta cin ƙasa sosai, saboda haka ba mai iya gama gonarsa shi kaɗai. Sai dai gayya. Yau a taru a nome ta wannan, gobe ta wancan, makaɗi yana biye yana yi wa na gaba kirari.

A ƙauyen akwai wa da ƙane, Tunau da Barmo. Tunau ƙato ne, kullum shi ne a gaba. Barmo kuwa, Allah sarki, kullum shi ne a baya. Amma in Tunau ya kai ƙarshen sahunsa, ba ya tsayawa jin kirari. Sai ya juyo ya kama sahun ƙanensa daga can, su haɗu a tsakiya, don kada a yi wa Barmo dariya. Duk da haka ana yi, ƙasa-ƙasa. Barmo yana ji, abin yana cinsa.

Ran nan da rana tsaka sai ga wani baƙo, hannuwansa duk tabon ƙuna. Barmo ya ba shi ruwa, ya dama masa fura. Baƙon ya sha ya ƙoshi. Sai ya zaro wani baƙin abu mai faɗi daga jaka, ya kafa shi a ƙotar fartanyar Barmo.

Ya ce, "Mai masaukina, wannan ƙarfe ake ce masa. Ni maƙeri ne, daga dutse nake fitar da shi. Zan zauna bayan tsaunin can har gero ya kai ƙugu. Ka nuna wa mutanenku. In suna so su kira ni, in kafa maƙera a nan, kowa ya samu. In ban ji kira ba, na san ba a so, sai in yi gaba."

Da baƙo ya tafi, sai Barmo ya sari ƙasa. Fartanya ta shige kamar ludayi cikin kunu. Sai ya zabura zai je ya gaya wa Tunau. Har ya kai ƙofa, sai ya tsaya. Ya ce a ransa, "In kowa ya samu, ai baya zan koma. Bari in ɗanɗana gaba sau ɗaya tak, sannan in faɗa." Sai ya jiƙa makuba, irin wadda ake daɓe da ita, ya shafe ƙarfen har ya yi launin itace. Ku dai ku ji mutum!

Aka yi gayyar noman fari. Kowa ya kama sahu. Kafin mutane su kai rabi, Barmo ya fita. Korau makaɗi ya buga ganga. "Barmo guguwa, mai share gona!" Barmo ya tsaya ya riƙe ƙugu yana shan kirari, bai juyo ya taimaki kowa ba.

Tunau ya iso yana dariya don murna. "Ƙanena, me ka ci yau?"

"Ba komai, Yaya. Girma ne ya zo."

Aka sake gayya. Barmo ya sake fita. Tunau ya dage iyakar dagewa, har tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Da aka zauna shan fura, sai ya ce, "Ƙanena, ara mini fartanyar nan taka in gwada."

Barmo ya tura ta ƙarƙashin cinya. "Ta saba da ni, Yaya. Ba ta son baƙon hannu."

Da ya ga jini a jikin ƙwaryar da wansa ya riƙe, sai ya ajiye furar. Ya ji kunya ƙwarai. Ya ce a ransa gobe zai faɗa. Gobe ta zo, ganga ta yi daɗi, ya ce sai jibi.

Sai aka zo maimai a gonar Baba Jatau, dattijon ƙauyen, gona mai tsakuwa. Gero ya riga ya wuce ƙugu. Samari suka fara tsokanar Tunau, wai ya tsufa, ƙanensa ya ture shi. Tunau ya ja Barmo gefe.

"Barmo, tsakaninka da Allah, akwai wani abu?"

"Babu, Yaya."

"To, shi ke nan. Ni ne na gaza."

Aka buga ganga. Tunau ya sunkuya ya yi ta sara, yana son itace ya yi abin da ba zai iya ba. Can a tsakiyar sahu sai bayansa ya ce ƙas. Sai ya durƙushe. Barmo ya gan shi ta wutsiyar ido. Amma Korau yana ta kiran sunansa, ƙarshen sahu kuma ga shi nan kusa. Sai ya ɗaga fartanya ya ƙara sara.

Sai ta faɗa kan dutse. Ƙal! Wuta ta yi tartsatsi.

Ganga ta mutu. Duk wanda ke gonar nan ya san in itace ya bugi dutse, tim yake cewa, kuma ba ya fid da wuta. Baba Jatau ya tako a hankali, ya karɓi fartanyar, ya kankare bakinta da farce. Ƙarfe ya ƙyalla.

"Ɗana, mene ne wannan?"

Barmo ya sunkuyar da kai ya faɗi komai, muryarsa kamar ta ɗan tsako.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin noman fari, Baba."

"Kuma mutumin ya ce kowa zai samu?"

Barmo ya gyaɗa kai. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Da sun doke shi ma da ya fi masa sauƙi. Kowa dai ya dubi tafin hannunsa, sannan ya dube shi. Baba Jatau ya ce, "Ruga ka kira maƙerin."

Barmo ya ruga, ƙaya na cin ƙafarsa bai ji ba. Ya hau tsauni, ya gangara. Sai ya tarar da toka, ruwan sama ya daɗe da dukanta, ciyawa har ta fara tsirowa a ciki. Ya yi kira gabas, ya yi kira yamma. Ba kowa.

Ya dawo ta bayan gari don kada ya haɗu da mutane. Ya sami Tunau kwance rubda-ciki a tabarma. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya kasa shiga.

"Yaya, ka yafe mini."

Tunau ya juyo da kai ya dube shi. Sannan ya ce, "Na yafe maka ƙarfen. Yaro ne kai, an yi maka dariya da yawa. Amma da na faɗi, na ɗaga kai na dubi ƙarshen sahuna. Na ɗauka zan ga ka juyo."

Barmo ya rufe fuska da hannu biyu ya yi kuka.

Fartanyar nan guda ɗaya ta yi ta yawo gida gida har ta cinye, ta koma kamar cokali. Maƙeri bai sake biyowa ta nan ba a zamaninsu. Tunau kuma bai ƙara sunkuyawa a gona ba. Barmo ya koma wa itace, ya koma baya inda ya saba. Duk gayya sahu biyu yake kamawa, nasa da na wansa. Mutane su gama su zauna a inuwa, shi yana ta sara. Wani lokaci ya manta, ya ɗaga kai ya dubi can ƙarshe. Ba mai tahowa.

Ƙurunƙus kan kusu, wannan da ya addabi rumbunmu. Abin da aka ba ka don jama'a, kada ka zauna a kansa. Kuma in Allah ya kai ka gaba, ka juyo. Ku tashe mini wancan ya je ya kwanta.